Fuskar Gida: Darasi a Kan Tsofaffin Gine-ginenmu da Jerin Gidajen Ingila

'Yan'uwa ɗalibai, duk ran da kuka sami izinin fita gari, kuka bi babbar hanyar nan da ta taho daga Kano ta Azare, ta ratsa Potiskum ta nufi Damaturu da Maiduguri, ina so ku rage sauri ku dubi gine-ginen da ke dama da hagu. Za ku ga shaguna a jere, bangon wannan shi ne bangon wancan. Za ku ga sababbin gidaje na bulo masu dogayen ginshiƙai a bakin ƙofa, da rufin kwano mai tsini. In kuwa kuka ratse cikin lunguna, za ku tarar da sauran tsofaffin zaurukan ƙasa, waɗansu an yaɓe su da siminti, waɗansu sun tsage, waɗansu kuma sun zama kango.

Yawancinmu mu kan wuce waɗannan abubuwa ba mu kula ba. Amma malamin makaranta bai kamata ya zama haka ba, domin a bangon gida ɗaya akwai darasin tarihi, da na lissafi, da na labarin ƙasa, da na kiwon lafiya. Nufin wannan darasi shi ne mu koyi duban gini da idon basira. Za mu fara da namu, sa'an nan mu leƙa Ingila mu ga wani irin jerin gidaje da suka yi da salon da suka aro daga Italiya, kana mu dawo gida mu auna abin da ya kamace mu.

1. Kayan gini

Maginin Hausa ba ya sayen kaya daga nesa. Abu na fari shi ne ƙasa. A kan haƙo jar ƙasa mai danƙo, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake kwaɓawa. Daga cikinta a ke cura tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai. A shanya shi a rana wajen mako biyu har ya bushe sarai. Shi ya sa a ke yin gini da rani, bayan an kau da amfanin gona, lokacin da babu ruwan sama, kuma ga hannuwa da yawa a gari.

In an zo gini, a kan haƙa harsashi, a jera tubali kansa na duban sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sa'an nan a ɗora wani sahu. Bango ya kan fara da kauri a ƙasa, yana hawa yana sirancewa. Wannan dabara ce babba, domin nauyin ginin duka a kan gindinsa ya ke, kuma gindin ne ruwa ya fi ci.

Abu na biyu shi ne azara, watau gangar giginya da aka tsaga. Gara ba ta cika cinta ba, kuma ta kan daɗe ƙwarai ba ta ruɓe ba. Amma tana da iyaka guda: in tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kamar ƙafa 6, azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa, sai ta lanƙwashe. Ku riƙe wannan magana, domin daga wannan iyaka ce duk gwanintar maginanmu ta fito.

Abu na uku shi ne abin shafe. Akwai makuba, wadda a ke samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. A kan jiƙa ta a kwaɓa da ƙasa a shafe bango, sai ya yi duhu-duhu, ruwa ya riƙa zamewa. Akwai kuma laso, wanda a ke haɗawa da katsi daga karofin marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Da laso a ke shafe rufin soro da kan katanga. Ku lura da yadda sana'o'i suka rataya da juna: magini yana bukatar marini, yana bukatar majemi, yana bukatar mai saran giginya. Ran da marina ta mutu a gari, ran nan laso ya fara wuyar samu.

2. Yadda a ke rufin soro

In ɗaki ƙarami ne, sai a shimfiɗa azara daga bango zuwa bango, a rufa mata zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daddaɓe, a shafe da laso. A kan ɗan karkata rufin domin ruwa ya gangara ya fita ta indararo, shi kuwa indararon a kan miƙo shi waje sosai don kada ruwan ya zubo a gindin bango.

To, in a na son babban ɗaki fa, ga shi azara gajeriya ce? Sai magini ya fito da azara daga cikin bango kaɗan, ya danne gindinta da gini, ya ɗora wata a kanta wadda ta ɗan fi ta miƙewa, ya ɗaure su da igiya, ya lulluɓe da ƙasa. Haka zai yi ta yi daga wannan bango da wancan, hawa-hawa, har su haɗu a tsakiya. Abin da ya fito shi a ke kira bakan gizo. In aka gitta baka da baka, sai rufin ya rabu gida-gida, kowane gida bai fi ƙarfin azara ɗaya ba. Irin wannan gittawa ita ce ɗaurin guga, domin ta yi kama da yadda a ke ɗaure bakin guga. A bisa bakunan a ke ɗora tulluwa, watau ƙubba.

A kewayen rufin a kan ja ƙaramin bango da a ke kira rawani, a kusurwoyi kuma a kafa zankwaye. Zanko ado ne, amma kuma nauyinsa yana danne kusurwa, wadda ita ce ta fi saurin zaizayewa.

Gani ya kori ji. Wanda ya ke so ya ga iyakar wannan sana'a sai ya tafi Zariya ya ga tsohon Masallacin Juma'a, wanda Muhammadu Durugu, da a ke yi wa laƙabi da Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Har yanzu akwai unguwa a birnin Zariya da a ke kira Babban Gwani. A Kano akwai Gidan Rumfa da Gidan Makama, waɗanda asalinsu ke komawa ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). A Katsina akwai hasumiyar Gobarau. A Agadas ta ƙasar Nijar akwai hasumiyar masallaci ta ƙasa mai tsawon mita 27, watau kusan ƙafa 90, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Mu kuma da mu ke koyon aikin malanta muna da namu rabo a wannan tarihi. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, a ginin ƙasa aka yi ta, kuma gidansa yana nan har yau. Kwalejin Katsina, wadda aka fara a 1921 domin horon malamai, ita ma ginin ƙasa ce. A ɗakunanta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Saboda haka kada wani ya ce muku ginin ƙasa ginin jahilci ne.

3. Tsarin gida da fuskarsa

Gidan Bahaushe yana juya wa titi baya. Katanga ce doguwa, ba taga, sai ƙofa guda. Daga waje za ka shiga zaure, inda maigida ya ke karɓar baƙi, inda malami ya ke ba da karatu, inda maɗinki ko majemi ya ke aikinsa. Daga zaure sai ƙofar gida, watau filin da samari da baƙi su ke kwana, sai shigifa, sa'an nan cikin gida inda iyali su ke. A kan kauce da ƙofofin don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Kowane mataki yana da wanda ya isa ya taka shi.

Tun da ya ke zaure ne kaɗai ke fuskantar jama'a, a kansa a ke zuba ado duka. A nan za ka ga dakali na zama, da zankwaye, da zane a kewayen ƙofa. Mai zane ya kan yi aikinsa tun yaɓe yana ɗanye, ya fito da dagi da sarƙa da takobi da allo. A tsakiyar ƙarni na 20, sa'ad da kuɗin gyaɗa da auduga suka shigo hannun 'yan kasuwa, sai zane ya yawaita a Kano da Zariya, har aka shiga zana keke da agogo da jirgin sama a fuskar gida, a na shafa musu fenti mai launi. Wani Bature mai suna Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kan zanen gidajen Zariya a 1963. A Damagaram ma, a unguwar Birni, akwai irin waɗannan gidaje.

Abin lura shi ne, ko da ya ke kowane gida da mai shi, in ka tsaya a bakin lungu a tsohon birni sai ka ga katangu sun haɗe sun zama abu guda. Launin ƙasar ɗaya ne, tsawon katangun ya yi kusa da juna, zankwaye sun jeru. Ba wanda ya zana wannan a takarda. Kaya iri ɗaya da magina masu koyi da ubangida ɗaya su suka kawo shi, ga kuma Sarkin Magina da ke duba aikin 'yan sana'arsa.

4. Jerin gidajen Ingila

Yanzu bari mu ƙetare teku. A 1666 gobara ta cinye yawancin tsohon birnin Landan, domin gidajen na katako ne. Da aka zo sake gini, sai aka kafa doka cewa a yi da jan bulo ko dutse, kuma bangon da ke tsakanin maƙwabci da maƙwabci ya yi kaurin da zai tare wuta. Daga nan jerin gidaje ya ƙara samun gindin zama a biranensu. Yadda abin ya ke shi ne, a gina gida goma ko ashirin ko fiye a layi ɗaya, kowane da ƙofarsa a bakin titi, da benensa, da ɗan fili a baya, amma bangon gefe na tarayya ne.

A ƙarni na 19 sai wani salo ya shigo. Masu hali na Ingila sun daɗe suna zuwa Italiya yawon buɗe ido, suna sha'awar gidajen gona da fadojin can. Wani mai tsara gini, John Nash, ya yi wani gida mai suna Cronkhill wajen 1802 da wannan kama. Amma abin da ya sa salon ya bazu shi ne gidan Osborne, wanda Thomas Cubitt ya gina wa Sarauniya Biktoriya da mijinta Albert tsakanin 1845 da 1851. Kun san halin mutane, abin da sarki ya sa shi talakawa ke nema. Kafin a jima sai ga tashoshin jirgin ƙasa da bankuna da jerin gidaje ko'ina sun ɗauki salon Italiya.

Ga alamun da a ke gane shi da su. Rufi ba ya da tsini sosai, kuma bakinsa ya kan miƙo waje, da 'yan ƙafafu a jere suna tallafe da shi. Tagogi dogaye ne, da yawa kansu a lanƙwashe kamar baka, wani lokaci biyu-biyu ko uku-uku, da ado a kewaye. Tagogin hawa na ƙasa sun fi na sama tsawo. A bakin ƙofa a kan kafa ginshiƙai biyu da 'yar rumfa. Manyan gidaje su kan sami hasumiya mai kusurwa huɗu. Sau da yawa bangon na bulo ne, amma a shafe shi da farin yaɓe, a ja masa layuka don ya yi kama da sassaƙaƙƙen dutse.

Misali mai kyau shi ne garin Saltaire, kusa da Bradford a arewacin Ingila. Wani attajiri mai masaƙar ulu, Titus Salt, ya ga yadda ma'aikata ke zaune cikin hayaƙi da ƙazanta a Bradford, sai ya fitar da masaƙarsa bayan gari, bakin kogin Aire. An buɗe masaƙar a 1853. Daga nan ya yi ta gina wa ma'aikata gidaje a jere, fiye da 800, da dutse, da salon Italiya, tare da makaranta da asibiti da wurin shan iska. Masu tsara ginin su ne Lockwood da Mawson. Gidan shugaban ma'aikata ya fi na leburan girma da ado, har mutum ya kan gane matsayin mai gida daga fuskar gidansa, kamar dai yadda zauren attajiri ya bambanta da na talaka a Kano.

5. Lissafin bangon tarayya

Me ya sa suka zaɓi jeri? Ku ɗauko alli mu lissafa. A ce za a gina gida 10, kowane faɗinsa ƙafa 20, zurfinsa ƙafa 30. In kowane ya tsaya shi kaɗai, kewayensa ƙafa 100 ke nan, gida 10 kuwa ƙafa 1,000 na bango.

In aka jera su fa? Bangon gaba ƙafa 200, na baya ƙafa 200, jimla 400. Bangayen gefe kuwa 11 ne maimakon 20, domin tara na tsakiya kowane yana yi wa gida biyu aiki. 11 sau 30 ya ba mu 330. A tara da 400, ya zama ƙafa 730. An sami rarar ƙafa 270, watau fiye da rubu'in bangon duka, ban da filin da aka tsimi.

Har wa yau akwai wata riba. Bangon da ke fuskantar waje a jerin shi ne na gaba da na baya da na ƙarshe biyu: 400 da 60, watau ƙafa 460 kawai. A Ingila, inda sanyi ne abin tsoro, wannan yana hana ɗumin ɗaki tserewa. A wurinmu, inda zafi ne abin tsoro, yana rage bangon da rana za ta gasa. Dabara ɗaya ta yi maganin ciwo biyu. Wannan lissafi ya dace da 'yan aji biyar ko shida na firamare, kuma shagunan bakin kasuwa sun isa abin misali.

6. Inda muka yi daidai da inda muka saɓa

In kun auna, za ku ga mun yi tarayya da su a abu uku. Mu da su duka muna zuba ado a fuskar da ke duban titi, mu bar baya ba kwalliya. Mu da su muna rufe kayan gini mai araha da shafe, su farin yaɓe a kan bulo, mu makuba a kan tubali, kuma kowane shafe yana son a riƙa sabunta shi. Na uku, kyan unguwa a wurinmu da wurinsu ya rataya ne ga jituwar gida da gida.

Bambancin kuwa daga yanayi da al'ada ya fito. Baturen Ingila yana neman hasken rana, saboda haka ya buɗe manyan tagogi a bakin titi. Mu muna gudun rana da ƙura da idon mai wucewa, saboda haka muka toshe waje muka buɗe tsakar gida. Shi ya hau sama domin fili ya yi masa tsada, mu muka bazu a ƙasa domin gida ya kan ƙaru da ƙaruwar iyali.

Ga kuma babban abin da na ke so ku riƙe. Sa'ad da Ingilishi suka ari salon Italiya, ba su ari yanayin Italiya ba. Sun bar murhun jin ɗumi a ɗakunansu, da bututun hayaƙi a kan rufi, da gilashi a taga. Sun ɗauki ado, sun riƙe abin da ƙasarsu ke bukata. Mu ma an taɓa yin haka. A fadar Kano akwai ɗakin da a ke kira Soron Ingila, na zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953), wanda ya ziyarci Ingila a 1934. Sunan na Ingila ne, amma bakan gizon da zanen na maginan Kano ne. Aro ba laifi ba ne in mai aron ya san abin da ya ke nema.

7. Abin da ya sauya

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. Shi ya sauƙaƙa kawo kwano da siminti. Daga baya aka kafa masana'antar siminti a Sakkwato, wadda ta fara aiki a 1967, da ta Ashaka, nan kusa da mu, a 1979. Potiskum kuwa ta bunƙasa ne a daidai wannan zamani. A 1924 aka dawo da mazaunin Sarkin Fika nan garin, hanyar mota ta ratsa shi, kasuwar shanu ta jawo baƙi daga ko'ina, aka zauna tare, Ngizim da Karekare da Bolewa da Hausawa da Fulani da Barebari. Bayan an ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991 sai gini ya ƙara yawa. Saboda haka a titi ɗaya a nan za ka iya ganin zamani uku: na tubali, da na bulon ƙasa mai rufin kwano, da na siminti.

Kada mu zargi mutane a kan sun bar ginin ƙasa, domin suna da hujja. Soro yana son gyara kowace shekara kafin damina. In aka yi sakaci indararo ya toshe, ruwa ya kwanta, rufin ya kan faɗo, har a yi hasarar rai. Giginya ta yi ƙaranci, gwanayen magina sun tsufa, 'ya'yansu sun kama wata sana'a. Mai gidan siminti kuwa ya huta da yaɓe.

Amma mu faɗi ɗaya gefen. Bango mai kauri na ƙasa ya kan sha zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i da yawa, lokacin da gari ya yi sanyi. Shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, da ɗumi a daren hunturu. Bulo mai rami da kwano marar silin ba su da wannan hali. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a nan, kowa ya san yadda ajin kwano ke zama bayan ƙarfe goma sha biyu: yara na gyangyaɗi, malami na zufa, karatu ya tsaya. Ashe maganar gini maganar aikinmu ce.

Akwai kuma kuskuren da a ke yawan yi, watau shafe bangon ƙasa da siminti da nufin kare shi. Siminti ba ya kama ƙasa sosai. In ya tsage kaɗan, ruwa ya shiga ta baya, ba ya samun hanyar bushewa, sai bangon ya ruɓe a ɓoye, ran nan kawai a ga ɓawon ya ɓalle da rabin katanga. Bangon ƙasa ƙasa ya ke so, ko makuba. Abin da ya fi taimakonsa shi ne a gina gindinsa da dutse ko siminti, a miƙo bakin rufi ya kare shi daga feshin ruwa, a kuma gyara magudana.

8. Adana na da

A Ingila ma an rushe dubban gidajen jeri bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a na cewa sun tsufa, kafin a farga. Dokarsu ta 1947 ta ƙarfafa rubuta gine-ginen tarihi a rajista, daga baya kuma aka hana mai gida rushewa ko sauya fuskar gidan sai da izini. A 1967 suka ƙara wata doka ta kare unguwa sukutum, domin sun gane cewa in aka ɓata gida ɗaya a tsakiyar jeri, an ɓata jerin duka. Masaƙar Saltaire ta daina aiki a 1986, amma ba a rushe ta ba, aka mai da ita kantuna da ofisoshi da wurin nuna zane-zane. A 2001 garin ya shiga jerin UNESCO, kuma har yanzu mutane na zaune a gidajen.

A Nijeriya an yi dokar kayan tarihi a 1953, aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979. Gidan Makama da tsohuwar Kwalejin Katsina sun zama gidajen tarihi. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana auna gine-ginenmu yana zana su, kuma a gidan tarihi na Jos an gina kwatancin masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. Amma hukuma ba za ta iya kai wa ga kowane zaure a kowane ƙauye ba. Zauren mai unguwarku, in ya faɗi bana, ba wanda zai san yadda ya ke sai in wani ya auna shi ya zana. Wannan wanin kuwa ba kowa ba ne sai malamin makarantar garin. Da tsohuwar zuma a ke magani, amma sai in an adana ta.

Aikin yi

1. Ku rabu uku-uku. Kowace ƙungiya ta nemi tsohon zaure ɗaya a cikin gari, ko a garinku lokacin hutu. Ku fara gai da maigida ku nemi izini, kada kuma ku wuce zaure sai an ce ku shiga.

2. Ku auna tsawo da faɗi, da kaurin bango a bakin ƙofa. Ku zana shimfiɗar ɗakin a takarda, inci ɗaya a madadin ƙafa 4. Ku zana fuskarsa, ku nuna zankwaye da indararo da zane.

3. Ku tambayi dattawan gidan a zamanin wane sarki aka gina shi, daga ina aka kawo azara, da me a ke shafe shi. In akwai tsohon magini a unguwar, ku zauna da shi, ku rubuta sunayen kayan aiki da Hausa da kuma harshen garin, ko Bolanci ne ko Ngizimanci ko Karekare.

4. Ku ari ma'aunin zafi biyu daga ɗakin kimiyya. Ku ajiye ɗaya a soro, ɗaya a ɗakin kwano. Ku duba su da ƙarfe 7 na safe, da 2 na rana, da 9 na dare, har kwana uku, ku jera sakamakon.

5. Ku sake lissafin sashi na 5 da gida 20. Bango ƙafa nawa aka tsima?

6. A ce garinku za a gina aji biyu, kuɗi kaɗan ne. Me za ku ɗauka daga ginin da, me za ku ɗauka daga na zamani? Ku rubuta shafi ɗaya, ku ba da dalili.

Ku miƙa zanenku da amsoshinku ga malamin ajinku kafin ƙarshen zango. Waɗanda suka fi kyau za a buga su a wannan fili, sauran kuma a ɗinke su a ajiye a laburaren makaranta domin waɗanda za su zo bayanku.